Ƙorafin da Na Kai a Tsibirin Tabarmi

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa ba tare da tabarma ba, Ya ɗaga sama ba tare da gwafa ba, Ya raba wa kowa rabonsa bai kuwa jira zaman majalisa ba. Bayan haka, ni Nomau ɗan Arzika, mutumin Unguwar Gawo, zan ba ku labarin abin da ƙafata ta jawo mini da abin da bakina ya ƙarasa. Wanda ya ji ya yi dariya na yafe masa, don ni ma da a kan wani abin ya faɗa, da na fi kowa ƙyaƙyatawa.

Tun ina saurayi Allah Ya hore mini karta. Ba caca ba, Allah Ya kiyaye. Da 'ya'yan tsamiya muke yi a gindin gawon ƙofar gari, wanda ya kwashe na kowa ya tashi da kirari, ba ya tashi da ko anini. Wasan da muka fi so shi ne Burga. A raba wa kowa karta biyar, kowa ya ɓoye tasa. Mai ganin hannunsa ya yi kyau ya zuba 'ya'yan tsamiya a tsakiya, mai tsoro ya kife kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. Daɗin wasan shi ne mai riƙe da tarkace yana iya zare ido ya kori mai riƙe da sarakuna. Sannu a hankali abokan wasana suka riƙa zamewa, har ya zama in na ɓullo ta nan sai su naɗe tabarma ta can. Na koma gida na gaya wa mai ɗakina Lanti cewa garin nan ya yi mini kaɗan, babu sauran mai iya tarata.

"Malam," in ji ta, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, "ba gwaninta ce ta kore su ba, gardama ce. Jiya tun hantsi har azahar ina jiyo muryarka daga nan, wai a kan wa ya kamata ya fara rabawa."

"Ke me kika sani game da ƙa'ida?"

"Na dai san tuwo ya huce."

Ana nan sai wani bafatake ya sauka garinmu da jakunan kanwa, ya ba ni labarin Tsibirin Tabarmi da ke can ƙarshen ƙasa. Ya ce mutanen wurin ba sa noma ba sa kiwo, itatuwa ke ciyar da su, aikinsu ɗaya ne, gasar Burga daga shekara zuwa shekara, kuma da maki ake auna kowa. Da na ji maganar maki sai na ji an sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ya ƙara da cewa shi dai bai taɓa ganin wanda ya je ya dawo ba, amma lokacin ina neman takalmina, ban tsaya jin wannan ba. Na ce wa Lanti ta sa ido, kafin a yanke gero na dawo da sarautar karta.

Na yi kwana arba'in cikin wata hamada da tuddanta ke sauya wuri kowace safiya, wanda ka kwana yana gabanka ka tashi ka gan shi a bayanka. Daga nan na iso wani kwazazzabo mai zurfin da in ka jefa dutse sai ka manta ka jefa kafin ka ji ƙararsa. Gadarsa haƙarƙarin wani kifi ne guda ɗaya, a bakinta kuma ga wani aljani mai suna Gundumi zaune da karta a hannu, kowace kamar faifai. Ya ce dokarsa ita ce a yi hannu ɗaya da shi, in ka ci ka wuce, in ya ci ya cinye ka. Na dubi tarin takalman da ke gefensa, na gane ba a taɓa cinsa ba.

Na daure na zauna. Na ce, "Madalla. To wa zai raba?"

"Ni."

"Da wace hujja? Kai ne mai gida, mai gida kuwa ba ya raba wa kansa."

"To kai raba."

"Baƙo ya raba a gaban mai gida? Ina aka taɓa yin haka?"

Daga nan muka shiga batun ta dama za a fara ko ta hagu, da hagun wa, nasa ko nawa, tunda muna fuskantar juna. Muka shiga batun ko mai farce zira'i guda ya halatta ya taɓa karta. Rana ta take, ta karkata, ba a raba ko ɗaya ba. Da la'asar sakaliya Gundumi ya dafe kansa da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Ɗan Adam," ya ce, "na haɗa ka da Allah ka wuce. Ko na cinye ka, na san a cikina za ka ci gaba."

Na haye gadar ina taƙama, na ce ina ma Lanti na nan ta ga amfanin abin da take rainawa.

Bayan gadar sai teku, kwale-kwale na nan birjik a gaɓa, babu mai tsaro, babu matuƙi. Ina shiga ɗaya ruwa ya fizge shi, kafin in gyara zama na ganni a tsibirin. Abin da na fara gani shi ne wani rimi da kansa ya shige cikin gajimare, an rataye goruna ɗaruruwa a jikinsa da igiyoyi, wasu can sama wasu na jan ƙasa. A inuwarsa tabarmi ne iyakar ganinka, maza da mata zaune da karta, tsit kamar ana zaman makoki. Wani siririn mutum mai yatsu shida a kowane hannu ya tare ni, ya ce sunansa Cindo, shi ne magatakardan Majalisar Tabarma.

Shi ya yi mini bayani. Kowane ɗan wasa da gorarsa, duk maki ɗaya a ja ta sama taƙi ɗaya. Sai kuma ya faɗi mummunan labarin. Ruwan tekun nan hanya ɗaya yake gudu, yana kawowa ba ya mayarwa. Sau ɗaya tak a shekara wata ƙififiya, wato kunkurun ruwa, mai girman kasuwar ƙauye, takan fito da kujera ɗaya a bayanta ta kai mutum ɗaya gaɓa. Kujerar nan ta wanda gorarsa ta fi ta kowa nisa ce. Tana tafiya a sauko da goruna duka, a sake sabon lale.

Na ce, "Ai da sauƙi. Rataya mini gora, nuna mini tabarma."

"Makinka nawa?"

"Yanzu fa na sauka."

"To ba a zama sai da maki."

"A ina ake samun makin?"

"A kan tabarma."

"Tabarmar da ba a hawa sai da maki?"

"Ka ga har ka fahimta," in ji Cindo. "Wasu sai sun yi wata guda. Ka yi haƙuri, baƙo ya kamata ya fara sanin gari. Ba a ƙi ka ba, tsari ne."

Na buɗe masa irin wutar da na buɗe wa Gundumi. Ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai, ya ce gaskiyata ce ƙwarai, ya sake tambayata makina nawa. Ranar na san akwai abin da ya fi aljani.

Kwana bakwai ina zagaya tabarmi ina kallo, har na gano wata kafa. In ɗan wasa ya tashi don wata larura, ba a barin gurbinsa wayam, na tsaye kusa yakan riƙe masa kartarsa, kuma makin wannan lokacin na mai riƙon ne. Matsalar ita ce ba mai tashi, in ba salla ba da ake tsayawa gaba ɗaya. Na dubi tulin tsamiyar da ake ɓarewa a zubar don a sami 'ya'yan, na sami tukunya na dama kunu, na zuba masa tsamiyar da ta isa gidan biki uku, na bi tabarmi ina rabawa sadaka. Kafin azahar mutum goma sha ɗaya suka miƙe a guje, kowa hannu a ciki. Na riƙe wa wani mai suna Jatau kartarsa, ya dawo yana zagina da ni da kunun, amma Cindo ya rataya mini gora.

Washegari na zauna ina murza hannu, sai na ji yadda ake ba da makin. An kafa turaku goma a ƙasa, duk turken da inuwar rimi ta tsallake kana kan tabarma, maki ɗaya ne. Kowa ana ba shi 'ya'yan tsamiya ɗari biyu da safe, kowane rabo ka sa ƙwara ɗaya. In naka suka ƙare ka tashi. Wanda ya fi kowa tarawa da faɗuwar rana kuwa, maki ɗaya tak ake ƙara masa. Ranar farko na fi kowa tarawa, na sami sha ɗaya. Rana ta biyu na yi burga aka kama ni tun turke na biyu, na tashi da biyu. A kusa da ni akwai wani tsoho, Baba Kakale, wanda ko duba kartarsa ba ya yi. Ana ba shi zai kife, ya jefa ƙwararsa ɗaya, ya koma gyangyaɗi. Kullum goma yake tashi da ita. Na ɗaga kai na tambayi ta wa ce gorar can da ke gogar gajimare, aka nuna mini shi da leɓe.

"Baba," na ce masa, "yaushe rabonka da cin hannu?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Cin me?"

"Wasa. Ka zuba, a biyo ka, ka kwashe."

"Subhanallahi. Ɗana, ni shekarata arba'in a kan tabarmar nan ban taɓa yin wannan gangancin ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na nemi takarda da tawada na rubuta wa Majalisar Tabarma ƙorafi mai layi tara. Ba zan ɓoye muku ba, layi biyar na farko gaisuwa ce da bayanin ko ni wane ne a Unguwar Gawo, uku kuma zagin tsarinsu ne cikin ladabi. A layi na tara na kawo buƙatata: ranar da ƙififiya za ta fito, duk mai so, ko da a ranar ya sauka tsibirin, yana da ikon kiran mai gorar sama su kara su biyu, wanda ya ci shi ke hawa kujera. Cindo ya karɓa da hannu biyu, ya yaba rubutuna. Sannan ya ce 'yan majalisa su ma 'yan wasa ne, ba za su bar tabarma su rasa maki ba, saboda haka ba sa zama sai ranar da ruwan sama ya hana wasa. Ruwa kuwa sau uku yake sauka a shekara a tsibirin, kuma a kowane zama layi ɗaya ake karantawa, don a yi masa adalci.

Ƙarshen shekara ƙififiya ta fito, ruwa na kwarara daga bayanta, kujerar na ƙyalli. Aka yi kiɗa, aka ɗauki Baba Kakale aka ɗora. Ya zauna, ya gyara hula, ya ɗaga wa jama'a hannu, aka yi guɗa. Sai na ga ya sauko abinsa, ƙififiya ta juya ta tafi da kujera wayam. Ashe shi haifaffen tsibirin ne, ba shi da kowa a ƙetare, kuma doka ta hana a ba wani aron kujera. Mu baƙi mun fi sittin a gaɓar nan muna kallo. Na tuna na ce wa Lanti kafin a yanke gero, ga shi an yanke, an sussuka, an ci. Na koma bayan wata bishiya na yi kuka mai isata.

A shekara ta biyu na ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Na fara kifewa. Amma zuciya ba ta da ƙashi, duk sa'ad da na ga sarakuna biyu a hannuna sai in ce bari in ɗan saci makin nan ɗaya, in wuce tsohon, tunda in aka yi kunnen doki babba ake ɗorawa sama. Sau takwas na gwada, sau shida ana tashina kafin azahar. Na ƙare na goma sha huɗu, na sake tsayawa a gaɓa ina kallon kujera na tafiya ba kowa.

A shekara ta uku na zama almajirin Baba Kakale sosai. Na daina shan ruwa da safe. Na daina cin wake. Na koyi barci ido biyu, na koyi kife karta ba tare da na duba ba, don abin da ido bai gani ba zuciya ba ta kwaɗayinsa. Mazaunaina suka yi kanta har ba na jin tsakuwa. Baƙi sababbi in suka zo suna hayaniya a kan maki, sai in ji suna damuna, in ce su yi mana shiru ana wasa. Ni da tsohon muka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, goma goma, gorarsa bisa tawa da tazarar tsufa kawai.

Saura kwana tara shekara ta ƙare Allah Ya kawo mini ɗauki. Iska ta taso daidai lokacin da ake rabawa, ta birkice kartar Baba Kakale a cinyarsa, ya gani ba da niyya ba. Sarakuna huɗu ne reras. Bawan Allah nan bai taɓa ganin irinsu ba, ya ƙura musu ido, ya ce, "La ilaha," ya sulale sumamme. Aka ɗauke shi aka kai inuwa ana yi masa fifita, bai farfaɗo sosai ba sai bayan turke bakwai. Na yi masa sannu da bakina, amma Allah Ya sani zuciyata rawa take yi. Da yamma Cindo ya ja gorata ta wuce ta kowa, na tsaya ina kallonta har wuyana ya ƙage.

Ana jibi ƙififiya za ta fito aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune a bukkata ina ɗinke jakata, ina tsara abin da zan fara gaya wa Lanti, sai ga Cindo jiƙe sharkaf, bakinsa har kunne.

"Malam Nomau, albishirinka!"

"Goro."

"An karanta layi na tara. Majalisa ta amince, ba ko mutum ɗaya da ya ƙi. Sun ce tun da aka kafa tsibirin nan ba a taɓa kawo magana mai ma'ana irin taka ba."

Wallahi sai da na tambaye shi wane layi, don na manta da takardar nan sarai. Da ya tuna mini, allura ta faɗi daga hannuna.

"Daga yaushe za ta fara aiki?"

"Daga jibi."

"Haba Cindo, ai gaggawa aikin Shaiɗan ce. Abu mai muhimmanci haka, a bari a ƙara nazari mana. Mutum ya shekara yana zaune, wani ya zo rana ɗaya ya kwashe? Ina adalci a nan?"

"Haka Baba Kakale ya ce, amma aka karanta masa layinka na bakwai, ya haƙura."

Nan take na rubuta takardar janye ƙorafi, na matse ta cikin layi uku. Cindo ya karɓa da hannu biyu, ya ce za a fara dubawa ruwan farko na baɗi. Ya fita yana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ban san ko da ni yake ko da sama ba.

Ranar ta zo, ƙififiya ta fito ta kwanta a gaɓa. Cindo ya hau kan turmi ya yi shela sau uku, ko akwai mai kiran Nomau su kara. Na bi fuskokin jama'a ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Zama ya riga ya cinye su, ba wanda ya tuna yadda ake zubawa. Na saɓa jakata, har na ɗaga ƙafa, sai ga kwale-kwale ya daki gaɓa. Wata dattijuwa ta fito da ƙwaryar daddawa a ka, tana faɗa tun kafin ta taka ƙasa.

"Wane ɗan banzan ne ya bar kwale-kwale ba ɗauri? Na zauna in wanke ƙafa kawai! Ina hanyar komawa? 'Yata watanta ya tsaya, haihuwar fari, ba kowa a kanta sai ni."

Sunanta Iya Tasalla. Na yi wuf na tare ta kafin wani ya yi magana. Na ce, "Sannu da zuwa, Iya. Ki huta tukuna. Baƙo ya kamata ya fara sanin gari. Ba a ƙi ki ba, tsari ne."

Ina rufe baki na ji kunya ta kama ni, don na san inda na samo maganar. Cindo kuwa bai rage mata komai ba, ya karanta mata dokar, har da sunan wanda ya kawo ta. Ta sauke ƙwarya ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne Nomau? Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan. To zauna in kira ka. Yaya ake yin abin?"

Cindo ya yi mata bayanin Burga a taƙaice. Ta ce, "Au, ashe ciniki ne. Ka nuna ba ka matsu ba alhali ka matsu. Shekarata talatin a kasuwa, raba mu gani."

Aka ba kowa ƙwara hamsin. Rabon farko ta tura biyar, ni kuwa kafin in yi tunani hannuna ya riga ya kife. Na biyu haka, na uku haka. Na ce wa kaina bari in natsu in karanci fuskarta, amma fuskar mai daddawa ba ta da abin karantawa, irin kallon da take yi wa mai taya kaya da arha take yi mini. Ta yi ta tsintar ƙwayoyina ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar jama'a ko akwai mai sayen daddawa kafin ta tafi. Da na farga, saura ashirin a gabana.

Sai aka raba, na duba, sarakuna uku. Murna ta kama ni. Na tura goma, ta biyo. Na ƙara bakwai. Ba ta ko dubi kartarta ba, ta sa gefen hannu ta turo duk abin da ke gabanta tsakiya.

"In za ka saya ka saya, ɗan nan, in ba ka saye ka matsa. Rana na yi."

Nomau na gindin gawo da ya biya yana dariya. Amma ni na shekara ban zuba ba. Na dubi ƙwara ukun da suka rage mini, na dubi kujera, na ji tsoro irin wanda ban ji ba a gaban Gundumi. Zuciyata ta ce waziri huɗu na cin sarki uku, ta ce mai turo komai haka ba a banza ba, ta ce ka kife, muddin kana kan tabarma ba ka faɗi ba. Na daɗe ina juya maganar. Na kife.

Ta jawo tulin gabanta, sannan ta baje kartarta a fili ta nuna wa Cindo. "Wai ni wannan mai hoton jakin, babba ne ko ƙarami?"

Shi ne mafi ƙanƙanta a kartar duka, sauran huɗun ma ba wadda ta san 'yar'uwarta. Ƙwara ukun da suka rage rabo uku suka yi, tarkace na samu duk ukun, ta share su. Baba Kakale ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, kifewar nan da na yi shi bai ga aibinta ba.

Na ɗaukar mata ƙwaryarta har kan ƙififiya, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Na ce mata in ta wuce hamada ta tambayi Unguwar Gawo, gida na uku daga rijiya, akwai wata mata Lanti.

"Me zan ce mata?"

Na yi ta lalube a raina. Na ce, "Ki ce mata ni ne na biyu."

"Na biyu a me?"

Ta dube ni, faɗan ya bar fuskarta.

"Zan ce mata kana da rai, ka yi ƙiba, kuma ka yi wa wata tsohuwa hanya. Sauran kai ka zo ka faɗa da bakinka."

Ƙififiya ta juya. Karo na farko a idona kujerar ta tafi da mutum a kai, baƙin da ke gaɓa suka ɓarke da kabbara, wasu na kuka, Jatau ma da bai taɓa yafe mini kunu ba ya rungume ni. Ni ma kukan nake yi, amma nawa daban ne. Ina tsaye har ɗankwalinta ya ɓace, ana sauko da goruna a bayana, na ji tawa ta bugi ƙasa tare da na kowa.

Cindo ya matso kusa da ni, ya zaro wata takarda daga aljihu. Ta janye ƙorafina ce, mai layi uku.

"Malam Nomau, wannan fa? Ruwa uku kawai take buƙata, kafin ƙififiya ta dawo an koma tsohon tsari, kuma a zama yanzu ba mai kamo ka. A bar ta a layi, ko in yage?"

Na dubi baƙin nan sittin, har sun fara neman karta suna tambayar juna yadda ake zubawa. Na dubi teku.

"Yage ta," na ce.

Ya kama ta da yatsunsa goma sha biyu.

"Tsaya," na ce. "Kada ka sa ta a layi. Amma ka ajiye ta inda ruwa ba zai taɓa ta ba."

Iyakar abin da ya auku ke nan, ban ƙara don in yi kyau ba, ban rage don in tsira ba, Allah kuwa Shi ne masanin abin da ke cikin kowace karta tun tana kife.